Ɓauren Izmir da Ƙwaron da Aka Bari a Baya

A farkon shekarun 1880 manoman Kalifoniya da ke Amurka suka shigo da rassan ɓauren Izmir daga ƙasar Turkiyya, domin busasshensa ne ya fi daraja a kasuwa. Itatuwan suka kama, suka yi ganye shar, amma duk shekara 'ya'yan sai su kakkaɓe tun ba su nuna ba. Har wasu suka zargi 'yan kasuwar Izmir da sayar musu da irin banza.

Irin ba shi da laifi. Abin da ake kira ɗan ɓaure ƙunshi ne na ɗaruruwan ƙananan furanni a rufe, da 'yar ƙofa ɗaya tak. Iska ba ta kai musu garin barbara, zuma ma ba ta iya shiga. Mai shiga shi ne wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, irin wanda kowa ke gani idan ya ɓare ɓauren daji a ƙasar Hausa. Macen ƙwaron kan kutsa ta ƙofar ɗauke da garin, sau da yawa har fukafukanta su karye. Ƙwaron yana hayayyafa ne a cikin ɓauren da ba a ci, daga nan ya kai gari ga wanda ake ci. Sama da shekara miliyan 60 ke nan jinsunan biyu suna sauya siffa tare, kowanne yana daidaita da ɗan'uwansa.

Manoman Bahar Rum sun daɗe da sanin dabarar: sukan rataya 'ya'yan ɓauren daji a kan itatuwan lambu, al'adar da Aristotil ya ambata tun zamanin Girkawa. A 1890 George Roeding, wani manomi a Fresno, ya zuba garin da hannu, 'ya'yan suka nuna. A 1899 Walter Swingle na Ma'aikatar Gona ta Amurka ya aiko da ɓauren daji mai ƙwari daga Aljeriya. Ƙwarin suka zauna, aka samu amfani mai yawa a 1900.

Kusan shekara 20 aka yi ana ban ruwa da taki ga itacen da ƙwaro kawai yake jira. Akwai nau'in ɓaure fiye da 750 a duniya, kusan kowanne da nasa ƙwaron, kuma tsuntsaye da jemagu da birai suna rayuwa da 'ya'yansu. Duk inda feshin magani ko saran daji ya kawar da ƙwaron, itacen zai ci gaba da tsayuwa, amma haihuwarsa ta yanke.