Wace Ce Sumbuƙa?

Duk wanda ya yi wayo a Kano a tsakiyar shekarun 1990 ya san sunan Sumbuƙa, ko da bai taɓa ganin wadda ta kama ba. Daga ƙarshen 1995 zuwa cikin 1996 ne 'yan matan makarantun sakandare suka riƙa zubewa. Yarinya tana zaune lafiya lau, sai ta kurma ihu, jiki ya sandare, ko ta miƙe ta kama rawa ba ji ba gani, ana riƙe ta tana fizgewa. Kafin a ankara ta kusa da ita ma ta faɗi. Conerly Casey, wata Ba'amurkiya mai nazarin al'adu da ke bincike a Kano a lokacin, ta rubuta cewa abin ya shafi 'yan mata wajen 600, ta kuma kawo siffar da mutanen gari suka yi wa rawar, wai irin ta finafinan Indiya ce.

Labarin da ya karaɗe gari shi ne wata tsohuwa ce ta iske ɗalibai suna shagali da dare, ta ce su rage hayaniya, suka yi mata rashin kunya, ta ce to, za su yi rawa kuwa. Tsohuwar nan, in ji masu ba da labari, aljana ce, ita ce Sumbuƙa. Aka yi ta kai yara wajen malaman ruƙiyya. Malam zai matsa kusa da kunnen yarinya yana karatu da ƙarfi, ga ruwan tofi a kwano, ga hayaƙin turare, mata biyu ko uku sun danne ta. Da murya ta canja sai tambayoyi su biyo baya: Wane ne kai? Musulmi ne ko kafiri? Me ta yi maka? Ta ina za ka fita? Aka naɗi irin wannan zama a kaset, ya shiga kasuwa, aka saurara a zauruka da tsakar gidaje. Masaniyar tarihi Susan O'Brien ta yi nazarin yadda ruƙiyya ta bunƙasa a Kano a wannan tsakanin.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne tushen bayanin. Sunan aljanar, dalilin fushinta, sharuɗɗanta, duk daga baki ɗaya suka fito: bakin yarinyar da ke cikin firgici, ana yi mata tambayar da ta riga ta ɗauko amsarta a goye. In ka tambayi mutum ko shi Musulmin aljani ne ko kafiri, ai ka riga ka yanke cewa aljani ne. Yarinya ta goma kuwa ta riga ta ji abin da ta farko ta faɗa, don haka daidaituwar maganarsu ba shaidu goma ba ne. Wannan tuhuma ba daga Turai ta zo ba. Samuwar aljannu tana cikin Alƙur'ani, Musulmi ba ya jayayya da ita. Amma batun aljani ya shiga jiki har ya yi magana da harshen mutum, malamai sun daɗe suna saɓani a kai. Ibn Taimiyya ya tabbatar da shi. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya yarda da shafar shaiɗan amma ya ƙi yarda cewa yana magana da bakin majinyaci. Ko a wajen wanda ya bi Ibn Taimiyya ma, hadisin Abu Huraira da ɓarawon abincin zakka ya siffanta shaiɗan da maƙaryaci. Ta yaya za a gina tarihin annoba a kan maganar wanda aka ce maƙaryaci ne?

Akwai wani bayanin da ake yawan ji a duk inda haka ta faru, wato an gina makaranta a gidan aljannu, an sare musu tsamiya ko an cike musu kududdufi. Adeline Masquelier ta ji irinsa a makarantun 'yan mata na Dogonduci a Nijar. Wannan magana ce da za a iya aunawa, kuma Kano ta auna ta ba tare da ta yi niyya ba. Wanda ya san titin BUK ta wajen Ƙofar Ɗan Agundi zuwa Ƙofar Na'isa ya san kududdufan da ke bin gindin ganuwa, waɗanda iyaye ke hana yara zuwa da tsakar rana ko bayan magariba. An yi ta cike su da ƙasa da shara, aka yanka filaye, aka dasa shaguna, daga baya manyan motocin aikin gada suka zo suka haƙe mahaɗar kanta. In da rushe gida ne ke jawo kamu, ai direban tifa da magini da lebura ne za su fara zubewa. Ba a ji ba. In aka ce mata ne suka fi rauni, to 'yan talla fa, masu ratsa lunguna da bakin kududdufi da almuru? Su ma ba a ji sun faɗi hamsin-hamsin ba. Abin ya fi son wuri guda: inda aka tara 'yan mata sa'o'in juna, suna ganin juna, suna jin juna.

Kano ba ita ta fara gani ba. Ranar 30 ga Janairun 1962, a wata makarantar kwana ta mishan a ƙauyen Kashasha kusa da Bukoba, a ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya, 'yan mata uku suka kama dariya da kuka ba tsayawa. Ya bi ɗalibai 95 cikin 159, aka rufe makarantar a watan Maris, waɗanda suka koma gida suka kai shi ƙauyukansu. Likitoci suka yi gwaje-gwaje, ba su sami cuta ko guba ba. A Oktoban 1965 kuma, a garin Blackburn na Ingila, aka kwashi ɗalibai mata 85 zuwa asibiti a yini ɗaya saboda jiri da suma. Masu bincike suka gano abin ya faro daga manyan 'yan mata ya gangaro kan ƙanana, kuma garin bai daɗe da fita daga ɓarkewar shan inna ba, zukata a tsorace suke.

Wannan batu na ƙarshe shi ya fi kama da namu. A farkon 1996 sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000, kuma Kano na cikin inda ya fi tsanani. Ga kwalara, ga ƙyanda, Asibitin Zana ya cika maƙil. Yarinyar da ke ɗakin kwana tana jin an ce wance wuyanta ya sanƙare, jiya an binne ta, ga jarrabawa a gabanta, ga gida da nisa. Likitan ƙwaƙwalwa Simon Wessely ya raba irin wannan ciwo gida biyu a 1987. Akwai na firgicin farat ɗaya, mai zuwa da jiri da suma, ya wuce cikin yini. Akwai kuma wanda matsi mai tsawo ke haifarwa, mai zuwa da karkarwa da rawa da gushewar hayyaci, ya ɗauki makonni ko watanni. Na Kano ya fi kama da na biyu.

Yadda jiki ke yi ba asiri ba ne. Mai tsoro yana numfashi da sauri, iskar kabon ta ragu a jini fiye da ƙima, sai kai ya yi jiri, leɓe ya yi zum, yatsu su ƙanƙame. Yarinyar da ta ga hannunta ya murɗe da kansa sai ta tabbata an shige ta, tsoro ya ƙaru, numfashi ya ƙara sauri. Ta gefenta tana kallo. Kamar hamma ne a cikin aji, ɗaya ya yi, saura su ɗauka, ba wanda ya yi da gangan. Shi ya sa nake jin haushin masu cewa iskancin yara ne kawai, a sa musu bulala. Ciwon na gaske ne, illa dai ta ido da kunne yake bi.

Rawar Indiya fa? Nan ne ma amsar ta fi fitowa fili. Kanawa sun shafe shekaru gommai suna kallon finafinan Indiya, maza a sinimomi irin su Marhaba da Plaza, mata a talabijin da bidiyo. Rawa ce da kowace yarinya ta haddace da ido amma ba ta da halin yin ta a gaban manya. Haka aka gani wajen 1925 a yankin Filinge na Nijar, da iskokin Babule suka bayyana: waɗanda suka hau sai su yi fareti da tsawa irin ta sojan Faransa, domin shi ne abin da ya cika idon mutane a lokacin. Wanda hayyacinsa ya gushe, da kayan da ke cikin kansa yake aiki.

Wani zai ce, amma ai ruƙiyya ta yi musu magani. Da yawa sun warke, haka ne. An ɗauke yarinya daga cikin taro, ta koma ɗakin mahaifiyarta, an karanta mata abin da zuciyarta ta amince da shi, an ce mata ya fita. Raba marasa lafiya da masu kallo da kwantar musu da hankali shi ne dai abin da likitoci ke ba da shawara a irin wannan hali. Inda aka tara ɗalibai a babban ɗaki aka yi ruƙiyyar a gaban kowa kuwa, an ba abin da ke bi ta ido duk abin da yake buƙata. Iyaye kuma suna da dalilinsu na fifita sunan aljani: yarinyar da aka ce iska ta taɓa za ta yi aure, wadda aka ce an kai asibitin masu taɓin hankali na Dawanau sai an sha bayani.

Sai dai mai shakka ma yana da ramin da yake faɗawa, wato ya haddace kalmar firgici ya riƙa liƙa ta ga duk wanda ya faɗi. A 2010 yara suka riƙa jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. An fara zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, magani ya ƙi ci. Sai da ƙungiyar likitocin MSF ta sa aka auna jini aka ga gubar dalma ce, daga dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. Yara wajen 400 suka rasu. A Kano ta 1996 ma, cikin 'yan mata hamsin da suka zube, ɗaya tana iya kasancewa da sanƙarau na gaske, wata da farfaɗiya, kuma a ido duk faɗuwa ce. Ana rarrabe su ne da ma'aunin zafin jiki, da lanƙwasa wuya a ga ko ya ƙi, da ɗibar ruwan ƙashin baya a kai ɗakin gwaji. Mai sanƙarau in ba a yi mata allura da wuri ba, kwana ɗaya ko biyu ya isa a rasa ta.