Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Jos

Kwalejin Talabijin ta NTA makaranta ce mallakar Hukumar Talabijin ta Najeriya, tana unguwar Rayfield a Jos, babban birnin jihar Filato. An kafa ta a 1980.

Talabijin ya riga makarantar zuwa ƙasar da shekara 21. Gwamnatin Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ce ta buɗe tashar farko a Ibadan a 1959, Gabas ta biyo baya a Enugu a 1960, Arewa kuma ta samu tata a Kaduna a 1962. Ma'aikatan farko da yawansu daga rediyo aka ɗebo su. Masu rabo aka tura su kwas Ingila, sauran kuwa a bakin aiki suka koya, suna kallon hannun Turawan da aka ɗauko. Shi rediyo tun 1957 yake da makarantarsa a Legas.

A 1977 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta haɗe tashoshin jihohi ƙarƙashin hukuma guda, wato NTA. Sai ga shi kowace tasha da irin na'urorinta da salon aikinta, alhali ana so labaran ƙasa su fita da fuska ɗaya daga Sakkwato har Benin. Dole a samu inda za a daidaita hannun masu ɗaukar hoto, masu tace shi, injiniyoyi da masu shirya shirye-shirye. Jos kuwa ta cancanci masaukin, domin tashar Benuwai-Filato da aka buɗe a garin a 1974, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, ita ta fara watsa hoto mai kala a Najeriya a 1975.

Da fari kwalejin ta 'yan gida ce, ma'aikacin NTA ya zo ya yi gajeren kwas ya koma tasharsa. Dokar 1992 da ta ba 'yan kasuwa damar kafa gidajen rediyo da talabijin ta sauya lissafin, don sababbin tashoshi sun buƙaci ƙwararru. Ƙofar kwalejin a yau a buɗe take ga ɗalibai daga waje: tana ba da difloma, tana kuma ba da digiri a fannin shirya shirye-shirye da aikin jarida na talabijin ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A Jos ɗin dai akwai hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya da cibiyarta ta koyar da aikin fim, wadda aka kafa a 1995.