ƘARFEN TUKUNYA DA JIRGIN RUWA

Ƴan uwa, kowanenmu ya san sanholo, farin ƙarfen nan da annasara ke ce ma alminiyum, wanda maƙeranmu na Maradi da Damagaram ke narkewa su zuba tukwane. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san da shi ake ƙera jiragen ruwa, har ma shina da hannu cikin tarihin ƙasarmu.

A dā sanholo ya fi azurfa tsada. Sai a shekarar 1886 wani Bafaranshe, Paul Héroult, da wani Ba'amurke, Charles Hall, kowa a ƙasarshi, suka gano dabarar fitar da shi da wutar lantarki. Daga nan ya yi araha. Maƙeran jirage suka yi sha'awarshi, don in aka auna shi da baƙin ƙarfe mai girma ɗaya, nauyinshi kashi ɗaya ne cikin uku.

Wannan rashin nauyi shi ne sojan Faransa suka hango. Jirgin sanholo ana iya kwance shi gunduwa-gunduwa, a aza ma ƴan dako bisa kai, in an kai bakin gulbi a sake haɗa shi. A shekarar 1896 wani sojan ruwa, Laftana Hourst, ya taso daga wajen Tumbutu da jirage uku, guda na sanholo mai suna Davoust. Ya biyo kogin Isa, ya wuce inda Yamai take yau, ya yi watanni bisa wani tsibiri kusa da Sayi, kāna ya gangara har teku. Ya auna kogin, ya zana taswirarshi. Ba a yi shekara biyar ba sojan mamaya suka shigo ƙasar. To, kun ji aikin da ƙarfen tukunya ya fara yi a wajenmu.

Amma jiragen farko ba su yi ƙarko ba. Sanholo tsantsa taushi gare shi, shi ya sa aka riƙa gauraya shi da jan ƙarfe. Ashe ruwan gishiri ba ya barin wannan haɗi. A 1895 Amurkawa suka ƙera jirgin tsere Defender, samanshi sanholo, gindinshi tagulla. Ya ci tsere, amma ƙarfen ya yi ta cinyewa, a 1901 aka farfasa shi. Dalili kuwa, in sanholo da tagulla suka haɗu cikin ruwan gishiri, wata ƴar wutar lantarki ke gudana tsakaninsu, sanholon ne ke zagwanyewa.

Magani ya samu da aka bar jan ƙarfe aka koma ga wani ƙarfe mai suna maganiziyam. A 1931 aka ƙera jirgi Diana II a Ingila da wannan sabon haɗi, ya yi shekaru da dama cikin teku lafiya lau. Falankin da maƙeran jirage suka fi aminta da shi yanzu, mai lamba 5083, maganiziyam ɗin da ke cikinshi wajen kashi 4 da rabi ne cikin 100. A 1952 babban jirgin United States, wanda benayenshi na sama sanholo ne, ya ƙetare tekun Atalantika cikin kwana 3 da awa 10 da minti 40.

Sai dai sanholo tsoron wuta gare shi, don zafi digiri 660 ya isa ya narke shi. A 1975 jirgin yaƙin Amurka Belknap ya yi karo da wani, gobara ta kama, benayenshi suka narke.

Ƙasar da ake fitar da wannan ƙarfe daga cikinta, wato boksit, Gine na cikin waɗanda suka fi kowa arzikinta a duniya. Amma maƙeranmu har yau tarkacen mota da gwangwani suke tsintowa su narke. Muna roƙon yaranmu ƴan lakkwal su riƙe wannan: wanda ya san sirrin haɗa ƙarfe shi ya biyo kogin ya iske mu. Allah shi ba mu ilimi mai amfani, amin.