Daga kilarinet ɗin Turai zuwa tilɓoron kara: sunan wa ke kan faifai?

Yau tarihin busa za mu taɓa.

Akwai abin busa na Turawa da ake kira kilarinet, baƙin itace mai maɓallan ƙarfe, da harshe ɗaya na kara a bakinsa. A 1789 Mozart ya tsara masa kiɗa tare da goge huɗu, domin abokinsa Anton Stadler. A 1891 Brahms, wanda ya riga ya yi niyyar ajiye alƙalami, ya ji busar Richard Mühlfeld sai ya koma aiki. Ku lura, bayan shekaru fiye da 100 ana nan ana kiran sunan mabusan biyu.

Faifan irin wannan kiɗa a da sai mai hali. A 1987 Klaus Heymann ya kafa kamfanin Naxos a Hong Kong da dabara ɗaya: ya ɗauko ƙwararrun da duniya ba ta sani ba, galibi daga gabashin Turai, ya sayar da faifan da araha. Ta haka ne József Balogh na Hungari ya busa waɗancan ayyukan na Mozart da Brahms, suka shiga gidajen da ba su taɓa sayen faifan tsada ba. Arha ne, amma sunansa na nan a jikin kwali.

To mu fa? Da yawa za su ce algaita ce kilarinet ɗinmu. A'a, algaita harshe biyu gare ta, danginta daban. Ɗan'uwan kilarinet na gaskiya shi ne tilɓoro, wanda samarin karkara ke yankowa daga karan dawa bayan girbi, su ɗaga ɗan harshe a jikinsa su busa. Ba shi da fada, ba shi da maroƙa, kuma ba a jima yake lalacewa. Ita kuwa algaita ta sarauta ce, tare da kakaki da tambura. Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Sarkin Abzin a Agadas ranar salla ya ga yadda mabushi ke cika kumatu yana jan numfashi ta hanci, sautin bai yanke ba. Wannan koyo ne na shekaru, ba wasa ba.

An ɗauki irin waɗannan kaɗe-kaɗe tun da daɗewa. A farkon shekarun 1960 Tolia Nikiprowetzky ya zagaya Nijar da na'ura, kamfanin Ocora na Faransa ya fitar da faifan. A wannan zamanin kuma David Ames ya yi aiki a Zariya, abin da ya ɗauka ya fito a jerin faifan UNESCO. Sun kyauta, don ba domin su ba da wasu sautukan sun bi iska. Amma yau mai neman faifan nan sunan Baturen yake rubutawa a intanet, ba na wanda ya busa ba.

Namu kamfanin arha shi ne kaset. Ta hanyar Tamanraset, In Gezam da Asamaka kaset-kaset na jita suka riƙa sauka Arlit, ana kwafa daga hannu zuwa hannu, har lokacin tawayen shekarun 1990 da riƙe su ya zama haɗari. Muryar Abdallah Oumbadougou ta kai ko'ina ta wannan hanya, kuɗin kuwa bai biyo ta ba. Daga baya waya ta karɓa, waƙa na tsallakawa ta Bluetooth babu suna babu shekara. A 2011 da Christopher Kirkley na Sahel Sounds ya fitar da tarin waƙoƙin da ya kwasa daga wayoyin mutanen Sahara, sai da ya yi ta cigiyar masu su kafin ya biya su. Cikinsu akwai Mdou Moctar, wanda yanzu ke yawon duniya da jitarsa.

Masu jita sun samu wanda ya yi cigiyarsu. Mabusan algaita da sarewa har yanzu suna cikin wayoyinmu da sunan «bikin Agadas» ko lamba kawai. Duk mai irin wannan ɗauka, in ya san mabushin, da garinsu, da shekarar, ya rubuta mana a ƙasa, mu haɗa.