Gano Wuri a Ƙasar Gobir, daga Jagaba zuwa Wayar Hannu

Sanin hanya tsohuwar sana'a ce a ƙasar Gobir. A da, ayarin fatake da ke ratsa Isa da Sabon Birni zuwa Maraɗi ya dogara ne ga jagaba, mai lura da Gulbin Rima da rijiyoyi da fitowar gamzaki, yana ƙiyasta nisa da yawan zango. A yau kuwa wayar hannu ce ke gano wuri ta siginar taurarin ɗan Adam na GPS. A 1978 Amurka ta harba tauraron GPS na farko, a 2000 ta daina dagula siginarsa ga farar hula. Sai dai sigina kan yi rauni ƙarƙashin rumfunan kwano na kasuwa. A nan waya kan koma ga na'urorinta masu jin motsi da juyi, tana lissafa taku da alƙibla. Kuskure kan taru a wannan lissafi, don haka da zarar sigina ta dawo sai a daidaita shi da ita.