Gani Ya Kori Ji? Waiwaye Kan Hoton Ungulun Ayod

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, kuma da wannan karin magana muka tashi. Shi ya sa idan aka ba mu labari mukan tambayi wa ya faɗa, a ina ya ji, amma da zarar an ajiye mana hoto a gaba sai bakinmu ya mutu, mu ce ai ga zahiri. Mu marubuta mun saba da a tuhumi alƙalaminmu da ƙari ko ragi. Mai ɗaukar hoto kuwa an daɗe ana yi masa kallon shaidan da ba ya karɓar toshiyar baki, don wai na'ura ce ta yi aikin. To, tarihin sana'ar bai goyi bayan wannan kyakkyawan zato ba.

Tun sana'ar tana jaririya aka fara sa mata hannu. A 1855, lokacin yaƙin Kirimiya, wani Baturen Ingila mai suna Roger Fenton ya ɗauki hoton wata hanya a cikin kwari har sau biyu a rana ɗaya. A ɗaya hoton hanyar fayau take, harsasan igwa na kwance a lambatu. A ɗayan kuwa ga su nan birjik a tsakiyar hanya, kuma shi ne ya yi suna. Shekara takwas bayan haka, a filin dagar Gettysburg ta yaƙin basasar Amurka, Alexander Gardner da yaransa suka ɗauke gawar wani soja daga inda ta faɗi, suka kai ta bayan wasu duwatsu, suka jingine bindiga kusa da ita don hoton ya fi ratsa zuciya. Sai kuma na Yevgeny Khaldei, ranar 2 ga Mayu 1945, inda sojan Tarayyar Sobiyet ke kafa tuta a kan majalisar Jamus a Balin. An ƙara wa sararin samaniya hayaƙi a ɗakin wanke hoto, sannan aka lura cewa sojan da ke tallafe da mai tutar yana ɗaure da abu kamar agogo a kowane hannu. Agogo biyu a jikin soja ɗaya ai ganima ke nan, don haka aka kankare ɗaya kafin jama'a su gani.

Irin wannan coge, duk da muninsa, mai sauƙi ne. Ana kama shi ran da aka samo hoton asali aka jera da na jabu. Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne hoton da ba a taɓa shi da komai ba, duk abin da ke cikinsa ya faru, amma ya kai mai kallo inda gaskiya ba ta je ba.

Mu a Nijeriya mun ɗanɗana wannan a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Daga tsakiyar 1968 jaridu da talabijin na Turai da Amurka suka cika da hotunan yaran Biyafara masu tamowa, ciki ya kumbura, ƙafafu kamar sillen kara. Mujallar Life ta sa su a bangonta a watan Yuli na shekarar. Babu mai imani da zai ce yunwar nan ƙarya ce. An toshe hanyoyin abinci, kuma mutane sun mutu da yawan gaske, akasarinsu ƙananan yara. Sai dai kuma gwamnatin Ojukwu ta ɗauki hayar wani kamfanin talla da ke Geneva, mai suna Markpress, wanda aikinsa shi ne rarraba labarai da shirya wa 'yan jarida tafiya zuwa inda ake so su gani. Hotunan sun jawo jiragen agaji zuwa filin saukar Uli, sun ceci rayuka, kuma ta wannan fili dai makamai ke shigowa da dare. Har yau masana tarihi na gardama a kan ko agajin ya tsawaita yaƙin. Hoton yaro mai yunwa ba shi da bakin da zai shiga wannan gardama, nasa kawai ya sa ka hawaye, kuma duk wanda ya riga kai shi gabanka shi zai gaya maka wa za ka tsine wa.

Hoton da muke so mu daɗe a kansa an ɗauke shi ne a watan Maris na 1993, a garin Ayod, wanda a lokacin yake kudancin Sudan, yanzu kuwa yana jihar Jonglei ta ƙasar Sudan ta Kudu. Yaƙi tsakanin gwamnatin Khartoum da 'yan tawayen SPLA ya shekara goma ana yi. Bugu da ƙari, a 1991 'yan tawayen sun dare gida biyu, ɓangaren John Garang da na Riek Machar, suka juya bindigogi a kan juna, ana ƙone garuruwa ana kore shanu. Yankin da ke tsakanin Ayod da Waat da Kongor shi ya fi jin jiki. Watau yunwar Ayod mutane ne suka haddasa ta, mutane masu suna da muƙami.

Jirgin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sauka da wasu masu ɗaukar hoto biyu daga Afirka ta Kudu, Kevin Carter da abokinsa João Silva. Carter ya ɗan zaga sai ya ga wani ƙaramin yaro tsirara, ƙashi da fata, ya durƙushe ya kifa goshi a ƙasa. Can sai ungulu ta sauka a bayansa. Bisa ga abin da shi Carter ya faɗa da bakinsa, ya yi kusan minti ashirin yana jira ko tsuntsuwar za ta buɗe fukafukai, ba ta buɗe ba, ya ɗauki hotonsa, ya kore ta, ya koma gindin bishiya ya zauna yana kuka. Ranar 26 ga Maris jaridar New York Times ta buga hoton, ta ce yarinya ce ta faɗi a hanyarta ta zuwa cibiyar rabon abinci.

Duk wanda ya ga hoton nan, labari ɗaya yake karantawa: yarinya ita kaɗai a dokar daji, tana gargara, ungulu na jiran ranta ya fita. Ai ko mu nan muna cewa ungulu ba ta jewar banza. Amma mai karatu da ya girma kusa da mayanka ko kasuwar ƙauye, kafin ungulaye su yi ƙaranci a ƙasarmu, ya san wani abu da mutumin New York bai sani ba, wato irin wannan ungulu tsuntsuwar cikin gari ce, duk inda mutane suka taru suka zubar da shara nan take sauka, ta yi ta tsayuwa ba ta kula kowa. Kuma Ayod a ranar cike take da jama'a. Silva ya bayyana daga baya cewa wurin dab yake da cibiyar abinci, manya sun ruga wajen jirgi karɓar tsaba sun ajiye 'ya'yansu na ɗan lokaci. Sannan gilashin kyamara mai jawo nesa kusa yakan matse tazara, abu biyu da ke nesa da juna su fito kamar suna gab da taɓa juna. Carter bai ɗora ungulu ba, bai matsar da yaro ba, bai goge komai ba. Ya zaɓi inda zai tsaya ne, da inda hoton zai yanke. Jirgi da layin masu karɓar abinci da ma'aikatan agaji duk suka faɗa waje. Masu bindigar da suka jawo yunwar su ma babu ko inuwarsu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba mu mamaki. Ɗaruruwan mutane suka yi ta bugo wa jaridar waya, tambayarsu ɗaya: ina yarinyar, ta rayu? Bayan 'yan kwanaki jaridar ta fitar da ɗan bayani cewa ta samu ƙarfin ci gaba da tafiya bayan an kori ungulun, amma ba a tabbatar ko ta isa cibiyar ba. Daga nan fushi ya koma kan mai hoton. Me ya hana shi ajiye kyamara ya ɗauke ta? Wata jarida a jihar Florida har ta kira shi ungulu ta biyu a wurin. Tambayar ba ta banza ba ce, kuma mu ma ba za mu wanke mutumin da ya yi minti ashirin yana jiran fukafuki ba. Amma a duba yadda lamarin ya juye: yunwar da ta ci dubban rayuka, wadda shugabannin yaƙi suka shuka, ta koma shari'ar mutum ɗaya mai rataye da kyamara. Mutane ƙalilan ne a cikin masu zagin Carter za su iya faɗin sunan Garang ko Machar. Hoton ya tayar da tausayi mai yawa, ya kuma jawo wa ƙungiyoyin agaji gudummawa, sai dai bai nuna wa tausayin ƙofar da ya kamata ya ƙwanƙwasa ba.

A watan Afrilu na 1994 aka ba Carter lambar yabo ta Pulitzer. Cikin 'yan kwanaki, ranar 18 ga watan, aka harbe amininsa Ken Oosterbroek a unguwar Thokoza kusa da Johannesburg, yana tsakiyar ɗaukar rikicin da ya gabaci zaɓen da ya kawo Mandela. Ranar 27 ga Yuli Carter ya kashe kansa yana da shekara 33. Nan ma aka sake ƙera wani labarin mai daɗin faɗa, wai alhakin yarinyar Sudan ne ya kama shi. Wasiƙar da ya bari ta ambaci bashi da rashin kuɗin haya, da gawawwaki da kashe-kashen da idonsa ya gani cikin shekaru, da yara masu yunwa, da kuma abokinsa da ya rasa. Waɗanda suka yi aiki da shi, Greg Marinovich da Silva, sun rubuta littafi a 2000 mai suna The Bang-Bang Club, inda suka nuna mutum ne da damuwa da shaye-shaye suka daɗe suna ci. Amma labarin ungulu da alhaki ya fi saurin yawo, don ya yi kama da tatsuniya mai darasi a ƙarshe.

Sai a 2011, shekara 18 bayan ɗaukar hoton, jaridar El Mundo ta ƙasar Sifen ta tura wakili Ayod ya bi sawu. Wani ɗan abu da ke cikin hoton tun farko, wanda miliyoyin idanu suka tsallake, shi ne farin abin hannu na roba a wuyan hannun yaron, irin wanda cibiyar abinci ke ɗaura wa waɗanda ta riga ta yi wa rajista. Wakilin ya samu mahaifin. Ashe ba yarinya ba ce, namiji ne, sunansa Kong Nyong. Ya tsira daga yunwar 1993, ya girma ya zama saurayi, kuma in ji mahaifinsa, zazzaɓi ne ya yi ajalinsa a wajejen 2007, shekara biyu bayan yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin. Hoton dai har yau yana yawo a intanet da wayoyin jama'a, kuma a mafi yawan wuraren da muka ci karo da shi, rubutun da ke ƙarƙashinsa na nan yana cewa yarinya.