Wa Ke Fara Jin Labarin Annoba? Ƙabilun Asali na Amurka da Gwagwarmayar Samun Rahoton Cututtuka

A shekarar 1837, wani jirgin ruwan fatake mai suna St. Peter's ya bi kogin Missouri ɗauke da kaya, da kuma cutar agana. Kafin shekara ta zagayo, ƙabilar Mandan ta kusa ƙarewa ƙurmus. Tun daga wancan zamani, babban ɓangare na tarihin lafiyar 'yan asalin Amurka shi ne jin labarin cuta bayan ta riga ta shiga gida.

Tushen matsalar a tsarin mulki yake. Ƙabilu fiye da 570 da gwamnatin tarayya ta amince da su gwamnatoci ne masu cin gashin kansu. Amma dokar kai rahoton cututtuka masu yaɗuwa a hannun jihohi take. Likita ko ɗakin gwaji ya sanar da hukumar lafiya ta jiha, ita kuma ta miƙa wa cibiyar CDC da ke Atlanta. Ƙabilar da mara lafiyar ya fito daga cikinta ba ta kan wannan hanya.

An yi ta gyara sannu a hankali. A 1955 aka kafa hukumar kula da lafiyar 'yan asalin ƙasar, wato IHS. A 1996 aka fara buɗe cibiyoyin ƙabilu na nazarin yaɗuwar cututtuka, waɗanda yanzu suka kai 12. Dokar lafiya ta Shugaba Obama ta 2010 ta ba su matsayin hukumomin lafiyar jama'a, da ikon karɓar bayanan marasa lafiya.

Sai dai doka daban, aiki da ita daban. A watan Mayun 2020, yawan masu kamuwa da korona a ƙasar Navajo, idan aka auna da adadin jama'a, ya zarce na jihar New York. Duk da haka, wasu daga cikin cibiyoyin sun nemi bayanai daga hukumomi an hana su. A 2022, ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokoki, GAO, ya tabbatar da wannan giɓi.

Nan ne kai rahoto ta kwamfuta ya samu muhimmanci. Da zarar likita ya shigar da sunan cuta ko sakamakon gwaji a kundin mara lafiya, manhaja za ta haɗa rahoto da kanta, ta tura shi wata tashar tsakiya, wadda ke duba adireshi ta raba wa hukumomin da abin ya shafa. Idan aka sanya ƙabila cikin jerin, ba sai ta jira jiha ta ga dama ba.

Amma na'ura ba ta san abin da ba a gaya mata ba. Gidaje da yawa a yankunan ƙabilu ba su da lambar titi, sai akwatin gidan waya. Mafi yawan 'yan asalin kuma a wajen yankunan suke zaune, kuma sau da yawa asibiti kan rubuta su a matsayin farar fata.

Akwai kuma batun amana. A 2010, Jami'ar Jihar Arizona ta amince ta biya 'yan ƙabilar Havasupai dala 700,000, saboda an yi amfani da jininsu wajen binciken da ba su amince da shi ba. Shi ya sa ƙabilun ba saurin rahoto kaɗai suke nema ba. Suna neman ikon cewa wa zai ga bayanan mutanensu, kuma me za a yi da su.